Malaman Turanci ku taimaka: yaya zan raba ɗalibaina Larabawa da fassara "take" da akhaza?

Malam_Jidda
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar malaman Turanci da na Larabci da ke wannan zaure. A Jidda nake zaune, kuma bayan la'asar ina yi wa wasu samari huɗu darasin Turanci a falona. Biyu 'ya'yan maƙwabtana ne Larabawa, biyun kuma jikokin Hausawa ne da aka haifa a nan, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, da Larabci suke tunani.

Jiya na rubuta musu a allo: "The wedding will take place on Friday." Babbansu ya ɗaga hannu ya fassara da ya'akhuzu makanan, wato biki zai ɗauki wuri ranar Juma'a. Na ce masa a'a, "take place" faruwa ce kawai, abin da ku za ku ce yajri ko yuƙamu. Ya yi shiru, can ya ce, "To Ustaz, ina aka kai wurin?" Wallahi ban da amsa. Na ce ya haddace haka nan. Ya rubuta a littafinsa, amma na ga fuskarsa, bai gamsu ba. Ni ma na kwana da abin a raina.

Tun ranar farko aka gaya musu "take" shi ne akhaza, wato ɗauka a Larabci, sun riƙe ƙam. Shin in ba su jerin waɗannan maganganu su haddace kamar matani, ko akwai hanyar da za su gane tushen abin?

Ummu_Hanan
Wa alaikumus salam Malam. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata, kuma abin da na gani shi ne hadda ba ta da magaji a nan. Amma kada ka ba su kalma tsirara, ka ba su jimla. "Take part in the competition", shiga gasa. "Take turns", yin karɓa-karɓa. "Take sides", goyon bayan ɓangare ɗaya. "Take your time", kada ka yi gaggawa. Biyar a mako, su yi ta maimaitawa har bakinsu ya saba. Neman dalili a kowace ɗaya zai cinye maka lokacin darasi.

Dan_Azhar
Malama, ina girmama gogewarki, amma ga Balarabe akwai ƙofa mafi sauƙi, kuma tana cikin harshensa. Malam, ka tambaye su bambancin ragiba fi da ragiba an. Na farko so ne, na biyu juya baya, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 130, "wa man yargabu an millati Ibrahim". Ka tambaye su da'a lahu da da'a alaihi. Fi'ili ɗaya ne, harafi kawai ya sauya, addu'ar alheri ta koma ta sharri. Kowane yaron da ya yi firamare a ƙasar Larabawa ya san wannan.

Shi kansa akhaza ɗin da suka riƙe haka yake. Akhaza anhu, ya yi karatu a wurinsa. Akhaza bi yadihi, ya tallafa masa. Akhaza ala yadihi, ya hana shi ɓarna, kamar yadda yake a hadisin azzalumi. Akhaza fil kalami, ya shiga magana. Babu ɗaya a cikinsu da ake ɗaga wani abu da hannu. In ka jera musu waɗannan huɗun a dama, sai ka jera "take off", "take over", "take after", "take up" a hagu, ka ce musu Bature ma haruful jarri, wato ƙananan kalmomi irin su fi da an da ala, yake wasa da su. Ni da idona na ga wani Bamisire abokin karatuna a nan Alƙahira ya ce subhanallah da na nuna masa haka.

Sadiya_Bichi
Allah ya ƙara ilimi Dan_Azhar. Ni ba Balarabiya ba ce amma yau na gane abin.

Ummu_Hanan
Dan_Azhar, misalinka ya yi kyau, zai cire musu tsoro. Amma bayan sun yarda cewa harafi na sauya ma'ana, wa zai gaya musu "take off" na nufin jirgi ya tashi, kuma cire riga, kuma kasuwanci ya bunƙasa, kuma "take a day off" hutun kwana ɗaya daga aiki? Balarabe yana da aƙla'a ga jirgi, khala'a ga riga, kalmomi daban-daban. Dole dai a dawo ga hadda.

Issoufou_Damagaram
Salamu alaikum daga Zinder. Mu nan da Faransanci muka fara, kuma mun sha irin wannan wahala da "prendre". Malam_Jidda, game da tambayar yaron nan ta ina wurin ya tafi: Bafaranshe cewa yake "avoir lieu", a zahiri samun wuri, yana nufin faruwa. Kenan ba Ingilishi kaɗai ke haɗa faruwa da wuri ba. Duk abin da ya faru ai sai ya samu inda ya sauka.

Amma a yi hattara, "prendre place" a Faransanci zama ne a kujera. Na taɓa rubuta wa wani baƙo ɗan Gana "please take place" a takarda ina nufin ya zauna, ashe "take a seat" ake cewa. Haka "passer un examen" a wurinmu zama jarrabawa ne, ba cin ta ba. A Ingilishi kuwa zaman shi ne "take an exam", cin kuma "pass".

Alaramma_Gwani
Malam Issoufou ya buɗe ƙofa, bari in shiga. Malam_Jidda, ka ce wa yaron ya kawo maka fi'ilin da aka ciro mauƙi'i, wato wuri, daga gare shi. Zai ce waƙa'a. Ka ce masa me waƙa'a ke nufi a "iza waƙa'atil waƙi'a"? Zai ce aukuwa. To ga shi nan. A harshensa ma, wuri da aukuwa saiwarsu ɗaya, wawun da ƙafun da ainun. Mauƙi'i shi ne inda abu ya auku. Bature ya ce abu ya kama wurinsa, Balarabe ya ce abu ya faɗo, inda ya faɗo ɗin ya kira shi wuri. Wurin bai je ko'ina ba, yana cikin kalmar.

Yaron nan mai hankali ne. Wanda ya yi irin wannan tambaya ba a sallamarsa da "haddace kawai".

Malam_Jidda
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce amsar da na rasa jiya. Allah ya saka da alheri. Gobe da ita zan fara.

Bamaiwurno
Ni a Sudan aka haife ni, a Maiwurno kusa da Sinnar, Larabci da Hausa tare na tashi da su, Turanci kuwa sai da na girma. Abin da ya fi ba ni wuya ba waɗannan manyan ba ne, "take" da "bring" ne. Malaminmu ya yi ta bayani da Larabcin littafi ban gane ba, sai wata rana ina magana da kakata ta ce "kai wannan gidan Inna, ka kawo kwanon." Nan take na gane. Kai shi ne "take", kawo shi ne "bring". Wasalin "o" ɗin nan namu da ke nuna zuwa inda mai magana yake, shi ne duk bambancin. A Larabcin Sudan ma akwai wadda da jab, waddi da jib, amma ba wanda ya taɓa haɗa mana su da Turancin, kullum akhaza ake ce mana.

Saboda haka Malam, in za ka koya musu "take me to the airport" ko "take this to your mother", ka yi amfani da Larabcin da suke yi a gida, waddini, ba na littafi ba. Su jikokin Hausawan kuma ka gwada su da kai da kawo, wataƙila sun taɓa ji a bakin kakanninsu.

Hajiya_Manchester
Ina aikin jinya a Ingila, kuma maganar da zan yi ta fi shafar mu 'yan Najeriya, amma Malam_Jidda ya kula don kada ya koya wa yaran Turancinmu na gida ba da saninsa ba. A Najeriya in an ce "she has taken in", kowa ya san mace ta samu ciki. A nan ba wanda ya san wannan. Na taɓa tsayawa kusa da wata baiwar Allah sabuwar zuwa, tana ce wa ungozoma "I took in in March." Ungozomar ta riƙe biro tana jiran ta ji me ta shigar. Matar ta maimaita har sau uku, idonta ya ciko da ƙwalla don ta ɗauka raina ta ake yi. Sai da na matsa na yi bayani.

A wurinsu "take in" na nufin ka ba mutum masauki a gidanka, ko ka fahimci magana mai nauyi, shi ya sa likita in ya gaya wa mutum sakamako mai tsanani yakan ce "it is a lot to take in". In kuma aka ce "I was taken in", an yaudare ni kenan. Haka "they have taken light" da muke faɗa in an ɗauke wuta, a nan "power cut" suke cewa.

A asibiti kuma kullum cikin "take" muke. "Take your temperature", auna zafin jiki. "Take blood", ɗibar jini. "Take two tablets", sha ƙwaya biyu. Larabawan da nake gani, 'yan Siriya da Yaman da Sudan, wannan na ƙarshen ba ya ba su wuya don su ma suna cewa akhaza dawa. Mu Hausawa ne ke cewa "drink".

Tela_Kwari
Hajiya, akwai ma'ana ta huɗu, ta sana'armu. In riga ta yi wa mutum yawa a ƙugu aka rage ta, "take in" ne. In tsawon wando ne aka rage daga ƙasa, "take up". Wata kwastoma da ta zauna a Landan ce ta koya mini, ta kawo doguwar riga ta kama gefen da yatsu biyu tana cewa a shigar da shi. Da na ga hannunta na gane me ya sa suka ce "in", ai yadin ciki ake tura shi.

Dan_Azhar
Kun gani ko, Malama Ummu_Hanan? Tela ya gane da ganin hannu. Duk ma'anonin "take in" shigarwa ce: baƙo cikin gida, magana cikin kai, yadi cikin ɗinki, mutum cikin tarko. "Off" kuma rabuwa ce: riga da jiki, jirgi da ƙasa, ma'aikaci da ofis. Akwai zare, sai dai a neme shi.

Bari in ƙara ɗaya. A nahawu akhaza na cikin af'alush shuru'i, wato fi'ilan da ke nuna fara aiki, 'yan uwan shara'a da ɗafiƙa da ja'ala, Ibn Malik ya kawo shi a Alfiyya a babin fi'ilin "kada" da 'yan uwanta. Akhaza yaktubu, ya fara rubutu. Daidai yake da "take to", kamar "he took to farming".

Abu_Sumayya
Ustaz Dan_Azhar, a nan kam ban yarda da kai ba. Akhaza yaktubu farawa ce kawai, ko minti ɗaya ya yi ya daina an gama. "He took to farming" kuwa akwai sabo da so a ciki, ya rungumi noma ya zame masa jiki. In aka ce "the baby took to her", jaririn ya saba da ita nan da nan, ya yarda da ita. In ka ce wa yaran daidai suke, gobe wani zai rubuta "he took to write the letter" yana nufin ya fara rubuta wasiƙa, kuma kuskure ne. Haɗarin hanyarka kenan, kamanni na sa a zaci abu ɗaya ne.

Dan_Azhar
Gaskiyarka Abu_Sumayya, na karɓi gyara. Kalmar "daidai" ce ta yi yawa, kusanci ne.

Matashi_99
Don Allah a taimaka min da "take for granted". Kullum ina gani a Facebook, na duba ƙamus ban gane ba.

Ummu_Hanan
Ƙanina, fuska biyu gare ta. Ta farko, ka ɗauki abu tabbatacce ba tare da ka bincika ba: "I took it for granted that you would come", na sakankance za ka zo. Balarabe zai ce amrun musallamun bihi. Ta biyu ita ce mai ciwo: mutum ya saba da alherinka har ya daina ganinsa, ya mayar da shi kamar dole. Uwa tana tashi tun asuba tana dafa abinci shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Wannan ita ce "they take her for granted". Ba raini ne kai tsaye ba, sabo ne da ya kashe godiya.

Kuma ka kula da "take advantage of". In dama ce, yabo ne, igtanamal fursa, ka ci moriyarta. In mutum ne, zargi ne, istagallahu, ka ci da guminsa ko ka yi amfani da rauninsa. Malam_Jidda, wannan ka ja musu layi a ƙarƙashinta, don yaro zai iya rubuta wa malaminsa "I want to take advantage of you" yana nufin astafidu minka, in amfana da kai, alhali ya faɗi mummunar magana.

Malam_Jidda
Malama, kamar kina falon. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa rubuta min kusan haka a saƙon godiya. Na gyara masa amma ban nuna masa girman abin ba.

Mai_Tarihi
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Ita kanta "take" baƙuwa ce a Ingilishi. Daga harshen mutanen arewacin Turai ta zo, 'yan Baikin da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, su ke cewa "taka". Kalmar Ingilishi ta asali "niman" ce, 'yar uwar "nehmen" ta Jamusanci, baƙuwar ta ture ta a hankali. Amma ta bar jika: "numb", wato sagewar gaɓa, asalinta "wanda aka kama". Abin da ya ja hankalina shi ne Ayatul Kursiyyu, "la ta'akhuzuhu sinatun wa la naum", gyangyaɗi ba ya kama Shi, haka barci. Mu ma muna cewa barci ya ɗauke ni. Bature na cewa "he was taken ill". Harsuna uku duk suna ganin barci ko ciwo a matsayin abin da ke kama mutum, ba mutum ke kama shi ba.

Wasu kuma sai da labarinsu ake gane su. "Taken aback", mamaki mai sa mutum ya ja baya, daga jirgin ruwa mai filafilai ta fito, in iska ta juyo ta gaba ta manna filafilan da sanda jirgi ya tsaya cik. "Take a rain check", wato ba yau ba sai wani jiƙon, daga wasan besbol na Amurka ne wajen shekarun 1880, tikitin da ake ba 'yan kallo in ruwan sama ya hana wasa. "Take it with a pinch of salt", kada ka gaskata duka, mutanen Ingila "pinch" suke cewa, Amurkawa "grain".

Ummu_Hanan
Mai_Tarihi, ka taimake ni ba ka sani ba. Wane zare ne zai kai ɗan Jidda ga tikitin besbol? Irin waɗannan sai hadda.

Abu_Sumayya
Akwai abin da ke damuna da ba a taɓo ba. Yau Larabawa na cewa akhaza dush, akhaza sura, akhaza bi ainil i'itibar. A ganina yawancin waɗannan daga Turanci da Faransanci aka kwaso su ta hanyar jarida da fassara. Mai kula da harshe istahamma zai ce, da iltaƙaɗa sura. To su yaran suna jin "take a shower", "take a picture", "take into consideration" duk sun dace da akhaza, sai su ƙara sakankancewa cewa ko'ina haka ne. Wannan dacewar ce ke ɗaure musu gindi. Mu ma haka, "ɗaukar mataki" da rediyo ya saba mana da shi ina zargin daga "take steps" ya zo.

Alaramma_Gwani
Abu_Sumayya, a rarrabe. Na wanka da hoto ban musa maka ba. Amma akhaza bis sa'ari, ɗaukar fansa, tsohon Larabci ne tun jahiliyya, kuma Bature ma "take revenge" yake cewa. Ittakhaza kuma, wato riƙa, Alƙur'ani cike yake da shi, "wattakhazallahu Ibrahima khalila" a Nisa'i aya ta 125. Ba duk dacewa ce aro ba. Wani abin ɗan Adam ne kawai ya gan shi iri ɗaya.

Sadiya_Bichi
Ni "take after" ce ta burge ni. Mu ma ai cewa muke yarinya ta ɗauko uwarta, ko ya ɗebo halin kakansa. Ɗauka ce dai.

Bamaiwurno
Sosai 'yar uwa. Misirawa kuma ɗali' li abuh suke cewa, ya fito wa ubansa. Amma Malam ya gargaɗe su, "take after" ta jini ce kawai, kuma ƙarami ke ɗauko babba. Ba a cewa uba ya yi "take after" ɗansa, ba a faɗa wa aboki ko maƙwabci. Na yi wannan kuskuren a jarrabawa.

Hajiya_Manchester
Wani abu kuma da nake ji a bakin Larabawa da mu duka: "take off it". In wakilin suna ne, tsakiya yake shiga, "take it off", "take them back". Amma "take after him" ba a raba ta. Wannan ma ban san wata dabara ba in ba kunne ya saba ba. Sannan "take care" da ake faɗa wajen sallama, Misirawa na da khud balak, kusan kalma da kalma. Sai dai in mutum ya ce "I will take care of it" a gidan abinci, yana nufin shi zai biya.

Issoufou_Damagaram
Tambaya: "take a decision" ko "make a decision"? Mu "prendre une décision" muka sani, Larabci ma ittakhaza ƙararan.

Ummu_Hanan
Duka biyun daidai ne Malam Issoufou. "Make" ta fi yawa ko'ina, "take" kuma an fi jin ta a Ingila, musamman a bakin hukuma. Ba'amurke zai ji ta baƙuwa. Mu kuwa yankewa muke yi.

Malam_Jidda
Na dawo da rahoto. Yau na fara da waƙa'a da mauƙi'i kamar yadda Alaramma ya ce. Yaron ya kalli allo ya daɗe, sannan ya buɗe littafinsa ya soke abin da ya rubuta shekaranjiya, ya sake rubutawa da hannunsa. Daga nan na raba allo biyu kamar shawarar Dan_Azhar, su da kansu suka ƙaro daraba masalan (ya ba da misali) da daraba fil ardi (ya yi tafiya a ƙasa), alhali daraba bugu ne, suka ce ai nan ma ba dūka ake yi ba. Ɗaya daga jikokin Hausawan, da na ce "kai" da "kawo", ya yi murmushi ya ce haka kakarsa ke aikensa.

Amma Malama Ummu_Hanan, da muka iso "take up" zaren ya tsinke. "Take up swimming", "take up space", "take up an offer", "take it up with the manager". Na nemi abin da ya haɗa su a gabansu ban samu ba, sai na koma ga hanyarki, jimla biyar, a maimaita.

Dan_Azhar
Malam, ba ni zuwa gobe. Ina ganin uku daga cikin huɗun ɗagawa ce daga ƙasa, kamar ka tsinci abu ka riƙe. Ta "space" ɗin ce ban ga inda za ta shiga ba tukuna.

Tela_Kwari
Ustaz, in za ka duba ka haɗa da ta wandon, ta zama biyar.